Wurin Miƙe Ƙafa

Kakana ya haƙi kuza a Godogodo,
kwano a ka, ruwa har gwiwa.
Aka auna, aka zuba masa sulalla,
bai taɓa tambayar inda za a kai ta ba.
Ni ce na same ta a kwalba,
gari mai launin toka,
da rubutun wata ƙasa a jikinta.

A ɗakin gwaji, nan Tudun Wada,
nake dama ta kamar kunu,
in shafa bisa fallen tagulla
da bai kai ɓawon albasa kauri ba,
in gasa, in yanka, in rufe
cikin batir mai faɗin kwabo.

Aikinta ɗaya ne, saukar baƙi.
Litiyam ya zo da caji, ta ba shi tabarma,
aka kunna waya, ya yi sallama ya fita.
Baƙin gawayin da ke cikin batirin kowa
marowaci ne,
sai shida sun haɗu suke saukar baƙo ɗaya.
Kuza kuwa ba ta iya a'a ba,
ita kaɗai ta sauki huɗu, har da gyara.

Abin da ke kashe ta ke nan.
Ta kumbura kamar waken da ya kwana a ruwa,
baƙi su watse, ta motse,
su dawo, ta sake kumbura.
A zagaye na talatin da bakwai
ta tsage, ta marmashe, ta saki tagullar.
Na rubuta a littafi: wannan ma ya tafi.
Na goma sha tara tun ƙaramar salla.

Ran Laraba na bi ta Panteka.
Baba na tsugune yana liƙin lagireto,
hayaƙin dalma na shafar gemunsa.
Na zuba masa kukana duka,
da lissafin da ban zaci zai bi ba.
Bai ɗago ba sai da ya gama.
Ya ce, "Lantana, kin taɓa duba layin dogo
can wajen tashar jirgi?
Tsakanin ƙarfe da ƙarfe akwai ɗan rata.
Ba mantuwa aka yi ba.
Ƙofar da na ƙera, in na matse ta da firam,
bazara na zuwa za a aiko a zage ni.
Ke kin tara mata baƙi
ba ki bar mata wurin miƙe ƙafa ba."
Ya miƙa wa Tanimu lagireton,
ya ce in sayo wa Inna tattasai a hanya.

Wata uku ina ɓarnar sukari.
Na ƙona shi ya zama gawayi,
na yi wa kowace ƙwayar kuza ɓawo,
ita a tsakiya kamar gwaiduwa,
da fili a gefenta, babu kowa a ciki.
Oga ya leƙa na'ura ya ce,
"Rabin abin nan ai iska ce."
Na ce e, ranka ya daɗe.

Yau daren Juma'a, an ɗauke wuta tun magariba.
Malam Dogara mai gadi ya ce
man janareto ba zai kai asuba ba.
Ruwa na dukan kwano,
kogi ya cika, ana jin sa daga gada.
Layin da ke kan allo
yana hawa, yana sauka, yana hawa.
Zagaye na ɗari biyu da sha ɗaya.
Ban gaya wa kowa ba tukuna,
na sha ganin samu na ga rashi.

Na jawo kujera kusa,
na cire takalmi.
Wani abu da ido ba ya gani
yana cika, yana ragewa,
cikin ɗakin da aka bar masa.
Ɗari biyu da sha biyu.